Filin Mai Fiyano: Ina Kiɗan da Na Adana Ya Shiga?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kamar kun haɗa baki: an yi kiɗa, an adana, an zo kunnawa, ko dai a neme shi a rasa ko ya fito da wata kama daban. Don haka su na ware. Masu tambayar wane fiyano ya kamata su saya da kuɗin da ke hannunsu su yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da Yamaha PSR-S670, na hannu na saya. Kwana biyu na yi ina haɗa kiɗan wata waƙar biki, na sa ganga, na sa sarewa, na sa bes, a kan fiyanon daɗi ba a magana. Na adana a filashi na kai wa mawaƙin. Ya sa a rediyon motarsa, rediyo ya nuna babu komai a ciki. Muka tura a waya, sai ga wani ƙyal-ƙyal kamar kiɗan motar wasan yara. Har ya fara yi mini kallon wanda ya ci masa kuɗi. Fiyanon ne ya lalace ko filashin? Daga wani matashi a Kurna, Kano.

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka, babu wanda ya lalace a cikinsu. Abin da ka kai wa mawaƙinka ba sauti ba ne. Duba sunan fayil ɗin, za ka ga ya ƙare da .mid. Duba nauyinsa kuma, da wuya ya kai kilobait ɗari. Da sauti ne na gaske, irin wanda ake kira WAV, kiɗan minti biyar zai tasam ma megabait hamsin, don kowane minti yana cin wajen goma.

Idan ka danna REC a sashen waƙoƙi ka fara kaɗawa, fiyano ba kunne yake kasawa ba, rubutu yake yi. Yana rubuta cewa a daidai lokaci kaza an taɓa maɓalli mai lamba 60, da ƙarfi 90 cikin 127, an sake shi bayan ɗan lokaci kaza. An taka feda. An murza ɗan gargaren nan na gefen hagu mai lanƙwasa sauti. A layi na uku murya mai lamba kaza ce za ta yi magana. Wannan rubutu shi ake kira MIDI. In ka danna kunnawa sai fiyanon ya ɗauko takardarsa, ya sake kaɗa komai tun daga farko da muryoyin da ke cikinsa. Kamar ka rubuta baitocin waƙa ne a takarda. Ka miƙa wa mai zaƙin murya, wuri ya yi tsit. Ka miƙa wa mai fama da mura, baitocin dai su ne, amma kowa ya kama gabansa. Wayarku ita ce mai murar: ta iya karatun, sai dai muryoyin da aka zuba mata 'yan ƙanana ne marasa nauyi. Rediyon mota kuwa ko baƙi bai sani ba, shi ya sa ya ce takardar fara ce.

Abin ya girme ka. A watan Janairun 1983 aka fara nuna shi a bainar jama'a, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya ta Amurka, inda aka haɗa na'urar Prophet-600 da Jupiter-6 ta kamfanin Roland da waya ɗaya, aka taɓa wannan waccan ta amsa. Dave Smith, wanda kamfaninsa ya ƙera Prophet-600, da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan, su ne aka fi ambata wajen wannan aiki. Daga baya aka ga cewa na'urori suna jin maganar juna amma ba su yarda a kan lamba ba: lamba goma a wannan sarewa ce, a waccan ƙaho. Sai a 1991 aka fitar da tsarin General MIDI, aka jera muryoyi 128, kowace da lambarta, aka kuma ware layi na goma cikin goma sha shida don ganguna kawai. Shi ya sa wayarka ta gane ina ganga ina sarewa, ko da ta kaɗa su da muryar yara.

A nan kuma mu Hausawa muke da tamu matsalar. A cikin 128 ɗin nan babu kalangu, babu goge, babu algaita, babu kuntigi. Masu jerin sun tuna da sitar ta Indiya da koto na Japan da kalimba, mu ba su san da zamanmu ba. Tun da muka fara aiki da fiyano dabara muke yi: mu ɗauki murya ta 111, wani irin goge na Turawa, mu lanƙwasa ta da gargare har ta yi kama da namu, mu ɗauki ta 112, shanai ta Indiya, ta tsaya a madadin algaita. Kuma muryoyin da suka fi daɗi a fiyanonka ba sa cikin jerin nan ma, na Yamaha ne na kansa. In ka kai fayil ɗin kan Korg ko Casio, ko ma wani ƙaramin Yamaha, zai nemi muryar ya rasa, ya sa wadda yake ganin ta fi kusa, wani lokaci layin ya yi gum. Na taɓa jin sarewar da na sha wahala a kanta ta koma fiyano tsura a kan na'urar wani, har na yi musun cewa aikina ne.

Maganin yana hannunka, ba sai ka je situdiyo ba. S670 yana da sashen naɗar sauti kai tsaye zuwa filashi. Sa filashin, buɗe waƙarka ka ajiye ta a farko, shiga sashen naɗar sautin ka danna ɗauka, sannan ka kunna waƙar. Ka bar ta ta tafi har ƙarshe, ka ƙara daƙiƙa uku ko huɗu don amon ƙarshe ya gama mutuwa, sannan ka tsayar. Kada ka taɓa maɓallan kiɗa tana tafiya, don duk abin da ka taɓa zai shiga. Za ka sami fayil mai .wav, shi ne sautin kamar yadda kunnenka ya ji. In rediyon motar tsoho ne bai san WAV ba, mayar da shi MP3 a kwamfuta ko a waya, aikin minti ɗaya ne.

Amma kada ka goge na MIDI ɗin. Gobe mawaƙin nan zai dawo ya ce kiɗan ya yi masa sama, ko ya yi sauri, ko a cire sarewar daga baiti na biyu, kuma zai dawo, na san su. A kan MIDI wannan duk abin danna maɓalli biyu ne. A kan WAV kuwa an riga an dama furar, ba a raba nono da gero. Ni kowane aiki da fayil biyu nake ajiye shi, suna ɗaya: ɗaya nawa, ɗaya na mai waƙa.

TAMBAYA: Malam, na saya wa 'yata PSR-E373 don ta koya, shekarunta goma sha ɗaya. Wata uku ke nan, abin da kawai take yi shi ne ta danna waƙoƙin da suka zo a ciki ta zauna tana ji, in baƙi sun zo ta ɗora hannu kamar ita ke yi. Akwai yadda za a goge su? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: Malama, ba sa goguwa, a cikin ƙwaƙwalwar na'urar aka gina su. Ko da suna goguwa ma da na roƙe ki ki bar su. Waƙoƙi 154 ne a cikin wannan fiyanon, kuma su ne malamin da kika biya kuɗinsa ba ki sani ba. Yarinyar da ta yi wata uku tana saurare kunnenta ya riga ya haddace, saura yatsu.

Tunda su ma rubutu ne ba sauti ba, suna yarda a juya su. Ki zauna da ita ran Asabar ku zaɓi guda ɗaya, gajera, wadda ta fi so. Ku rage saurinta da maɓallin TEMPO har zuwa rabi. Sautin ba zai canza ba, tafiyar ce kawai za ta koma ta hawainiya. Sai ku kashe ɓangaren hannun dama, fiyanon ya ci gaba da kaɗa na hagu, ita ta cike gurbin. Akwai darasi hawa uku a cikinsa: na farko saurare, na biyu kama lokaci, na uku kuma, wanda na fi so, jira. A na ukun fiyano yana tsayawa cak, ba zai motsa ba sai ta taɓa maɓallin da ya dace, allon kuma yana nuna mata wanne ne. Ba ya tsawa, ba ya gajiya, abin da ni kaina ba zan yi alƙawari ba.

Sannan akwai maimaita gaɓa, wanda aka rubuta wa A-B. Ta danna a farkon wurin da ke ba ta wuya, ta sake dannawa a ƙarshensa, fiyanon ya yi ta zagaya wannan 'yar gaɓar har ta zauna. Ke malama ce, kin san yadda ake biya wa yaro layi ɗaya sau ashirin kafin a wuce.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Yawancin waƙoƙin ciki na ƙasashen Turai ne da Amurka, kuma yaro yakan gaji da abin da ba ya ji a gida. In ta iya biyu ko uku, ki sa ta nemo waƙar gaɗa ko ta dandali da ta sani, da kunne, yatsa ɗaya, ta ɗauka da kanta ta kunna ta ji. Ranar da ta fara jin kuskurenta daga bakin na'ura, ba daga bakinki ba, za ki ga ta daina ɗora hannu a kan kiɗan wasu.

TAMBAYA: Oga, ina da E363. Na ɗauki kiɗa biyar a ciki, na farkon shi ne wanda na fi ji da shi. Jiya na ɗauki sabo, da na koma neman na farkon sai na tarar da sabon a wurinsa. Don Allah akwai hanyar dawo da shi? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Babu, ɗan'uwa. Na so in ce akwai, amma babu, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai dawo maka da shi, riƙe kuɗinka. Fiyanonka ɗaki biyar gare shi na waƙoƙinka, daga lamba 155 zuwa 159. In ka danna REC yana neman ɗakin da babu kowa. In duka sun cika sai ya koma na farko, ya rubuta sabo a kan tsoho. Yana nuna lambar a allo kafin ka fara, amma wa yake duba allo in kiɗa ya zo masa a ka?

Bari in ba ka nawa, ko ka ji sanyi. Lokacin ina yaron situdiyo a Kano, fiyanon da muke ji da shi PSR-730 ne, mai cin fulofi, ɗan faifan ajiya na kafin zuwan filashi. Wani mawaƙin bege ya zo da 'yan amshinsa, muka yi kwana uku muna gina kiɗa baiti-baiti, shi yana rerawa ni ina bi, in ya ce "a'a, ba haka bandirin yake faɗuwa ba" mu koma baya. Daren na uku muka gama. Na zare faifan, na rubuta sunan waƙar a jikinsa da biro, na ɗora shi a kan babbar lasifika don kada ya ɓace cikin tarkace, na kulle na tafi gida. Da safe mutanen suka iso da shirin ɗora murya, har da shayinsu a fulas. Na tura faifan, na'ura ta yi ƙur-ƙur-ƙur, ta yi shiru, ta sake yi, sai allo ya nuna faifan ba ya karantuwa. Na fitar, na hura masa iska, na goga a riga, na mayar. Haka dai. Maigidana ya tambaye ni inda ya kwana, na nuna masa. Bai ce komai ba, ya ɗauki ƙusa ya kai bayan lasifikar, ƙusa ta manne. Maganaɗisu ne a ciki, faifan kuma da maganaɗisu ake rubutu a kansa. Mawaƙin ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya sa haka ne mafi alheri," wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu na yi ina sake ginawa, kuma har yau ina ganin na farkon ya fi.

Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar cikin fiyano, ko faifai guda, a matsayin ma'aji ba. Wurin shan iska ne kafin a wuce. Kai naka ba shi da ramin filashi, don haka duk kiɗan da ka gama, ka kunna shi ka naɗe sautin a waya ko kwamfuta a ranar, kuma ka riƙe ɗan littafi: 155 kiɗan kaza, 156 kiɗan kaza. Kafin ka danna REC ka zaɓi ɗakin da kanka.

Tunda muna kan asara, ga biyu da ke cin mutane. In ka tsayar da ɗauka, allon yana nuna cewa yana rubutawa. In aka ɗauke wuta a wannan 'yar daƙiƙar, sabon zai iya tafiya, wani lokaci har da na da. Naka yana aiki da batir shida ƙanana, to in aikin mai muhimmanci ne zare adafta ka yi da batir masu caji sosai. Masu manyan fiyano irin S670 kuma su sani nasu ba ya adanawa da kansa, sai ka umarce shi, kuma yana kashe kansa in an yi minti talatin ba a taɓa shi ba. Mutum ya gama kiɗa, a kira la'asar, ya tsaya gaisawa a ƙofar masallaci, ya dawo ya tarar da allo baƙi. Adana kafin ka yi alwala.

TAMBAYA: Na sayi sabon kile, wato filashi a bakinku, mai giga 64, amma fiyanona ya ƙi ganinsa. Tsohon mai giga 4 yana yi. Daga Maraɗi.

AMSA: Girman ne ya jawo. Filashin da ya wuce giga 32 yawanci da tsarin exFAT yake zuwa, fiyano da yawa kuma FAT32 suka sani. Kwashe abin da ke ciki, ka sa shi a fiyanon ka yi masa fomat daga can, wato fiyanon ya share shi ya sa masa tsarin da ya sani; in ya karɓa shi ke nan, in ya ƙi ka ba yara su zuba finafinai. Gaskiya ma ba ka buƙatarsa: giga 4 zai ɗauki MIDI fiye da abin da za ka kaɗa a rayuwarka. Ka ware filashi ɗaya na fiyano kawai, kada ya je shagon masu tura waƙoƙi ya kwaso cuta. Sunayen fayil ka rubuta su gajeru da baƙaƙe marasa lanƙwasa. Ƙ da ɗ da ɓ namu sukan fito a allon fiyano kamar tafiyar kaza. Kuma kada ka zare shi yana cikin karatu ko rubutu.

TAMBAYA: Yayana ya rasu ya bar akwati cike da faifan fulofi na kiɗan da ya yi. Fiyanon nasa ya daina karanta su. Sun tafi ke nan? Daga Kaduna.

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ba lallai sun tafi ba. Sau da yawa abin karantawar ne ya mutu, ƙurar hunturu ta cika shi ko bel ɗinsa ya saki. Nemi na'urar karanta fulofi mai shiga ramin USB na kwamfuta, ka kwashe duk wanda ya buɗu, yau ba gobe ba, don faifan yana ruɓewa a zaune, kuma Sony ta daina yin su tun 2011. Kowanne megabait 1.44 kawai yake ɗauka, abin da bai kai daƙiƙa tara na sautin WAV ba, amma a MIDI zai iya riƙe waƙa ashirin ko fiye, saboda haka akwatin nan aikin shekaru ne. Kada ka sayar da fiyanon. Muryoyin da yayanka ya zaɓa suna cikinsa, kuma a kansa ne kawai kiɗan zai fito yadda shi ya ji shi. Masu gyara suna iya cire abin fulofin su sa wata 'yar na'ura mai suna Gotek, wadda ke karɓar filashi ta yi wa fiyano kamar faifai ne.

TAMBAYA: Ɗana, ni ce ke jagorar mawaƙan mata a majami'armu. Yaron da ke mana kiɗa ya sami jami'a, ya bar mana kiɗan waƙoƙinmu a filashi mu riƙa kunnawa a fiyano. Matsalar, wasu sun yi mana sama, muryoyi suna shaƙewa, kuma ba ma sanin lokacin shiga. Daga Jos.

AMSA: Mama, ki sa wani ya duba miki irin fayil ɗin da ya bari. In .mid ne kin huta. Akwai maɓallin TRANSPOSE: kowace dannawa ƙasa tana sauke kiɗan rabin mataki. Ku gwada biyu, in bai isa ba uku, har inda mai mafi ƙarancin murya a cikinku ta ji daɗi. Ganguna ba sa motsi, suna nan yadda suke. A manyan fiyano sai an lura, don suna tambaya ko maɓallan hannu za a sauke, ko waƙar, ko duka. Ku zaɓi waƙar ko duka, in ba haka ba ku yi ta dannawa babu abin da ya canza. Ki rubuta lambar kowace waƙa a bangon littafinku, don in an kashe fiyano yakan manta.

In kuwa MP3 ko WAV ya bari, wasu na'urorin suna iya saukewa, amma da an wuce mataki ɗaya ko biyu sautin yakan fara yin wani iri kamar daga cikin randa. Gara ki kira shi ya turo na MIDI.

Batun shiga kuma laifinsa ne, ki gaya masa in ya zo hutu. Shi da yake zaune a gabanku da kai yake ba ku alama, yanzu babu kan. Ya sake ɗauka ya sa bugu huɗu na sanda a farko, da ɗan gajeren share fage iri ɗaya kafin kowane baiti. Ku kuma ku sani na'ura ba ta jira. In kun saba jan ƙarshen baiti, ko maimaita amshi in waƙa ta kama jama'a, ita wucewa za ta yi abinta. Ki sa mace ɗaya kusa da fiyanon, yatsanta a kan maɓallin tsayarwa.

TAMBAYA: Malam, mu masu zuwa biki wasu suna cewa ha'inci ne ka kunna kiɗan da ka adana. To ni kaɗai ne, hannu biyu gare ni, yaya zan yi da ganga da bes da sarewa? Daga wani makaɗi a Gusau.

AMSA: Abokin sana'a, kunna ganga da bes daga na'ura kai kana kaɗa na sama ba ha'inci ba ne, don haka aka ƙera ta. Abin da ba na so shi ne a kunna duka, a rage ƙarar maɓallai, a tsaya ana yawo da yatsu ana girgiza kai. Wanda ya ɗauke ka makaɗi ya biya, da mai kunna faifai yake so da ya kira shi, kuma ya fi ka araha.

Ban da wannan ma, waƙar da aka adana ba ta dace da filin biki ba. Tsawonta a ƙayyade yake. Mawaƙi yana tsakiyar baiti sai ga uwar ango ta shigo da ƙawayenta, dole ya saki baitin ya kama kirarinta, kuma muddin liƙi yana zuba ba zai sauka ba. Kiɗanka na minti shida zai ƙare a tsakiyar ruwan kuɗi, a juyo ana kallonka. Don biki sitayil ya kamata ka gina, wato zagayen kiɗa mai maimaita kansa yana bin hannunka na hagu: ka ja shi minti ashirin in ana so, ka karya shi in mawaƙi ya ɗaga hannu, ka rufe in ya rufe. Ka adana saitin kowace waƙa a maɓallan ajiyar saiti, dannawa ɗaya ta kawo maka murya da sauri da sitayil tare.

A wani biki da na je bara, ina zaune kusa da makaɗa, wani yaro yana ta zuba sarewa a fiyano, jama'a na ta tafi. Wata Hajiya ta zo ta manna masa sabbin kuɗi a goshi, iskar fanka ta kwashe su. Ya saki fiyano ya duƙa ƙarƙashin tebur da hannu biyu yana tsinta, sarewa kuwa ba ta fasa ba, har da lanƙwasa. Hajiyar ta tsaya ta dubi fiyano, ta dubi yaron, ta mayar da ragowar kuɗin cikin jaka.